Yadda Ake Gano Aikatau da Sauran Azuzuwan Kalmomi a Jimlar Turanci

Kusan duk mai koyon Turanci ya haddace cewa aikatau kalma ce mai nuna aiki. Haddar ba ta da laifi, sai dai ba ta fitar da mutum idan aka ajiye masa jimla mai kalma ashirin aka ce ya nuna aikatau a cikinta. *Destruction* tana nuna aiki, amma suna ce. *Seem* ba ta nuna wani aiki da ido zai gani, amma aikatau ce cikakkiya. Abin da ke tabbatar da ajin kalma a Turanci abu biyu ne: gurbin da ta zauna a jimla, da irin canjin da take yarda a yi mata. Dubi *back* kaɗai. A *my back hurts* suna ce, a *the back door* aikin sifa take yi, a *come back* bayanau ce, a *they back the plan* kuwa aikatau ce. Rubutunta bai canza ba ko sau ɗaya.

Rabon kalmomi aji takwas da ake koyarwa ya samo asali ne daga nahawun Girkanci na fiye da shekara 2000 da suka wuce, Romawa suka gyara shi don Latin, Turanci ya gada. Wanda ya karanta nahawun Larabci ya san rabon uku da ake bi tun zamanin Sibawaihi a ƙarni na 8: isimi, fi'ili da harafi. Takwas ɗin Turanci su ne suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, harafin dangantaka irin su *in, on, at, from*, sai mahaɗi da kalmar motsin rai. Masu nahawun zamani sun ware na tara, wato mafayyaci: *the, a, this, some, my*. A ƙamus za ka ga an taƙaita su da n., pron., v., adj., adv., prep., conj. da det., kuma kalma ɗaya takan fito da alama biyu ko uku.

Fara da aikatau, ta hanyar juya lokaci

Kada ka bi jimla daga farko kana sa wa kowace kalma aji. Nemi aikatau tukuna, domin shi ne zai nuna maka sauran. Ɗauki wannan: *The manager of the building checks the lights every evening.* Mayar da ita bara, ka sa *last year* a ƙarshe, ka saurari kalmar da dole ta canza. *Checks* ce ta koma *checked*. *Building* da *evening* suna da -ing amma ba su motsa ba, *lights* kuma tana iya zama aikatau a wata jimlar amma nan ta tsaya cik. Kalmar da ta motsa ita ce aikatau mai ɗauke da lokaci. Idan kana shakka, kore jimlar: *does not check*. Duk inda *not* ta sauka, aikatau yana nan.

Dalilin da ya sa wannan gwajin yake da muhimmanci ga mai jin Hausa shi ne, harsunan biyu ba wuri ɗaya suke ajiye lokaci ba. Mu a gaban aikatau muke ajiye shi: ya duba, yana dubawa, zai duba, yakan duba. Ƙaramar kalmar nan ta gaba ita ke ɗauke da lokaci da jinsi da adadi gaba ɗaya. A Turanci *he* ba ta ɗauke da lokaci ko kaɗan. Nauyin yana kan aikatau. Bakin da ya saba barin aikatau yadda yake shi ke fitar da *he go* da *yesterday she come*. Ga kuma dirka, wato "ne" da "ce": "shi malami ne" jimla ce cikakkiya ba tare da aikatau ba, amma Turanci ba ya yarda da cikakkiyar jimla marar aikatau. Dole *he is a teacher*, in kuma da ne, *he was a teacher*.

Sigogi biyar

Kowane aikatau yana da gurbi biyar: saiwa, mai -s, siga ta biyu ta shuɗaɗɗen lokaci, siga ta uku, da mai -ing. *Write, writes, wrote, written, writing.* Masu bin ƙa'ida siga huɗu kawai ake gani, don ta biyu da ta uku iri ɗaya ne: *walk, walks, walked, walking*. Irin su *cut* da *put* uku ne. *Be* kaɗai ke da takwas: *be, am, is, are, was, were, been, being*.

Ƙa'idojin rubutun ba su da yawa. Ana sa -es bayan s, sh, ch, x, z, haka ma a *goes* da *does*. Idan y ta biyo baƙi takan koma i, kamar *carry, carries, carried*, amma bayan wasali tana nan: *play, played*. Ana ninka baƙin ƙarshe idan kalmar ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya kuma ƙarfin furuci yana kan gaɓar ƙarshe: *stop, stopped*, *prefer, preferred*. *Visit* ƙarfinta yana gaɓar farko, shi ya sa *visited*. A *travel* Ingila da Amurka sun rabu: *travelled* a can Ingila, *traveled* a Amurka.

Furucin -ed iri uku ne. Bayan sautin t ko d ne kawai ake ƙara gaɓa, kamar *wanted* da *needed*. Bayan p, k, f, s, sh, ch ana furta t, kamar *stopped* da *washed*; sauran duka d ne, kamar *cleaned*. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙi biyu a jere, ita kuwa *asked* da uku take ƙarewa. Saboda haka harshe yakan yar da na ƙarshe, daga nan hannu ma ya bi shi a rubutu. In ka gama rubuta wani abu, koma ka duba ƙarshen kowane aikatau shi kaɗai, kafin ka duba komai.

Marasa bin ƙa'ida sun kai wajen 200, kuma su ne aka fi amfani da su kullum. Yawan amfanin ne ma ya hana tsohuwar sigarsu ɓacewa, alhali duk sabon aikatau da ya shigo -ed yake ɗauka, kamar *downloaded*. Haddace su bisa jerin abacada wahala ce ta banza. A haɗa su dangi-dangi: *cut, shut, hit, cost* ba sa canzawa, *buy, bring, think, teach, catch* suna komawa *bought, brought, thought, taught, caught*, *sing, ring, drink, begin, swim* suna bin wasulan i, a, u, *write, drive, ride, rise* suna bin *wrote, written*, *come* da *run* kuma siga ta uku takan koma saiwa.

Ayarin aikatau da madugunsa

Wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a daɗe a kai. Sau da yawa aikatau a Turanci ba kalma ɗaya ba ne, ayari ne, kuma na gaba shi ne madugu. Shi kaɗai ke ɗaukar lokaci, shi ke dacewa da aikau (wanda jimlar take magana a kansa, galibi mai yin aikin), shi *not* ke bi, shi ne kuma ke tsallakawa gaban aikau idan za a yi tambaya. Waɗanda ke bayansa ba ruwansu da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowanne sigarsa tana hannun wanda ke gabansa.

Mataimaka iri biyu ne. Akwai uku na asali, *be, have, do*, waɗanda kuma suke iya tsayawa da kansu. Akwai tara masu nuna iko, izini, wajibci, yiwuwa ko niyya: *can, could, may, might, shall, should, will, would, must*. Taran nan ba sa ɗaukar -s, ba sa ɗaukar -ing, kuma biyu daga cikinsu ba sa haɗuwa, shi ya sa ba a cewa *will can*, sai *will be able to*.

Jerin ba ya sauyawa: ɗaya daga taran nan, sai *have*, sai *be* ta aiki mai ci, sai *be* ta wanda aka yi wa aiki, sai babban aikatau. Dokar bin juna kuma ga ta:

Bayan taran nan, da bayan *do, does, did*, saiwa ce.
Bayan *have, has, had*, siga ta uku ce.
Bayan *be*, mai -ing ce idan aikau ne ke cikin yin aikin, siga ta uku idan shi aka yi wa aikin.

Gwada a kan *The letters should have been signed*. *Should* ce madugu, ta jawo saiwa *have*. *Have* ta jawo siga ta uku *been*. *Been* ta jawo *signed*, don wasiƙun aka sa wa hannu. Yanzu dubi kurakuran da aka fi ji. *Did you saw him?* an sa lokaci sau biyu, alhali *did* ta riga ta ɗauka. Daidai shi ne *did you see him*. *She doesn't likes it* an sa -s sau biyu. *He can goes*, *I should have went*, *the work is finish*, duk abu ɗaya ne ya karye: ba a duba wanda ke gaba ba. *I am agree* kuma an ɗauki *agree* a matsayin sifa ne, alhali aikatau ce da ba ta bukatar *am*.

Idan jimla ba ta da mataimaki kuma ana son korewa ko tambaya, sai a aro *do* ta zama madugu. *She works* ta koma *does she work*, -s ɗin ta tashi daga *works* ta koma kan *does*. *Be* kuwa ba ta neman wannan aron: *is she ready*, ba *does she be ready* ba.

Wajen dacewa da aikau, -s tana ruɗi saboda aikinta biyu ne masu karo da juna: a kan suna jam'i take nunawa, a kan aikatau tilo. *The boy runs, the boys run.* Kuma ba sunan da ya fi kusa da aikatau ake bi ba, uban yankin sunan ake bi. *The list of names is long*, domin *list* ake magana. *One of the students is absent.* *Everyone, each, nobody* tilo ne. *People* da *police* jam'i ne.

Inda lokutan suka saɓa da namu

"Tana aiki a banki" na iya nufin sana'arta ce, na iya nufin yanzu haka tana can. Turanci ya raba: *she works in a bank* don abin da aka saba, *she is working* don abin da ake ciki. Wanda ya ɗauki kowace "na" ta Hausa a matsayin -ing zai cika zancensa da *is doing* inda *does* ta dace. Aikatau masu nuna hali ko mallaka, irin su *know, believe, understand, own, belong, want*, ba a saba sa musu -ing ba. "Ina da mota" *I have a car* ne, *I am having a car* kuskure ne. Amma *we are having a meeting* daidai ne, don nan *have* ba mallaka take nufi ba. "Na sani" da "na gane" kuwa, ko da yake da shuɗaɗɗen lokaci muke faɗarsu, a Turanci *I know* da *I understand* ne.

"Ya zo" ma gida biyu take da shi: *he came* da *he has come*. In aka ambaci lokacin da ya riga ya ƙare, kamar *yesterday, last week, in 2019, two days ago*, siga ta biyu ce tilas. *I have seen him yesterday* ba ta zama. In ba a ambaci lokaci ba kuma sakamakon aikin ne ake nufi, ko lokacin bai ƙare ba, sai *have*. Abin da ya faro da kuma yana ci har yanzu shi ma *have* yake so: "ina zaune a nan tun 2015" ita ce *I have lived here since 2015*. *Since* tana tafiya da ranar farawa, *for* tana tafiya da tsawon lokaci, *for ten years*.

Bayan *when, if, before, after, until* ba a sa *will* don nuna gaba: *when he comes, I will tell him*. Nan Hausa tana taimako, tunda mu ma "idan ya zo" muke cewa. A dai kiyaye kada ta ja mutum ya ce *when he came*.

Abin da ke bin aikatau

Ƙamusun masu koyo suna sa T ga aikatau so-karɓau, wato mai ɗaukar karɓau (abin da aikin ya faɗa wa), I ga ƙi-karɓau, wanda ba ya ɗauka. A riƙa duba wannan alamar kamar yadda ake duba ma'ana. *Discuss, reach, marry, resemble* kai tsaye suke ɗaukar karɓau, don haka *discuss about* kuskure ne. *Listen, wait, depend* sai da *to, for, on*. Ana cewa *tell me*, amma *say to me* da *explain to me*. Ƙi-karɓau ba ya shiga sigar wanda aka yi wa aiki, shi ya sa *it was happened* ba ta yiwuwa. *Rise* abu ne ke tashi da kansa, *raise* wani ne ke ɗaga shi. *Lie, lay, lain* kwanciya ce, *lay, laid, laid* kwantarwa ce. Aro kuma Turanci ya raba shi biyu: mai karɓa *borrow* yake yi, mai bayarwa *lend*, saboda haka "ara mini" *lend me* ce.

Akwai rukunin da ba karɓau ke binsa ba, sifa ce: *be, seem, become*, da *look, feel, sound, smell* a wasu wuraren. Gwajinsa shi ne a musanya da *be*. *She looks tired* ta yarda ta koma *she is tired*, to sifa ake so. *She looked carefully at the map* ba ta yarda ba, don kallon gaske ne, sai bayanau.

Sauran azuzuwan

Da ka gano aikatau, tambayi wa ko me ya yi, amsar ita ce aikau, kuma ubansa suna ne ko wakilinsa. Suna yana yarda *the* ta zo gabansa. Ɗafa-ƙeya irin su -tion, -ment, -ness, -ity suna tona shi. Matsalarsa babba ita ce ƙirge. *Information, advice, furniture, equipment, luggage* ba a ƙirga su, ba sa ɗaukar -s ko *a*, ƙamus yana sa musu U. In ana son ɗaya sai *a piece of advice*. Wanda ake ƙirgawa kuma, in tilo ne, ba ya tsayawa tsirara. "Na sayi littafi" lafiya lau take, amma *I bought book* sai an sa *a, the* ko *my*. Zaɓin *a* ko *an* sauti yake bi: *an hour, a university*.

Sifa tana shiga gurbi biyu, *a very ___ thing* da *it seems ___*. Ba ta da jam'i ko jinsi. Fari, fara, farare duk *white* ne. Mai gaɓa ɗaya takan ɗauki -er, doguwa ta ɗauki *more*, ba a haɗa biyun, *more better* ba ta zama. Mai -ed tana nuna wanda abin ya shafa, mai -ing tana nuna abin da ya jawo: *I am bored* na gaji da abin, *I am boring* ni ne mai gundurar mutane.

Bayanau an fi gane shi da yawo: *slowly she opened the door, she slowly opened the door, she opened the door slowly*. Wuri ɗaya ne aka hana shi, tsakanin aikatau da karɓau: *she speaks English well*. Kada a dogara da -ly. *Friendly, lovely, lonely* sifofi ne, *fast, hard, late* kuma suna zama bayanau ba tare da ita ba. *He works hard* yabo ne. *He hardly works* cewa aka yi da ƙyar yake taɓa aiki.

Harafin dangantaka da mahaɗi ana raba su da abin da ya biyo baya. In suna ne kawai, harafi ne: *before the meeting*. In ganga ce, wato rukunin kalmomi mai aikatau nasa, mahaɗi ne: *before the meeting started*. Haka *because of* da *despite* suna suke so, *because* da *although* ganga. "Ko da yake… amma…" tsari ne mai kyau a Hausa, Turanci kuwa ɗaya yake ɗauka, ko *although* ko *but*. Wakilin suna bayan harafi sigar karɓau yake ɗauka, *between you and me*, aikatau kuma -ing, *without asking*. *To* ce mai fuska biyu. Sa suna a bayanta ka gani: *I look forward to the holiday* ta zauna, to harafi ce, sai *look forward to meeting you*. *I want to the holiday* ba ta zauna ba, to saiwa ke binta, *want to meet*.

A haɗa su a jimla ɗaya

*Although the workers who arrived late had been warned twice, closing the gate early seemed unfair to them.*

Dawo da ita yanzu: *arrive, have been warned, seems*. Wurare uku suka motsa, ganga uku ke nan. *Closing* ba ta motsa ba. Ita da abin da ke binta su ne aikau na *seemed*, aikin suna suke yi, kuma ana ɗaukarsu tilo, shi ya sa *seems* da -s. Aikau na *had been warned* shi ne *workers*, ganga mai *who* ce ta shiga tsakaninsu. *Late, twice, early* bayanau ne, *unfair* sifa ce bayan *seemed*, *to* harafi ce tunda *them* ke binta.

Ƙirga masu haɗa gangunan: *although* da *who*, biyu. A ƙa'ida madugai sukan fi masu haɗawa da ɗaya, kuma wannan lissafin yana kama jimlar da aka bari ba aikatau ko wadda aka cusa wa *but* a banza. Idan lissafin bai fita ba, duba ko an ɓoye *that*. A *The report she wrote was long* akwai *wrote* da *was* ba tare da mai haɗawa a fili ba, domin asalinta *the report that she wrote*. Hausa ba ta yar da "da" a "rahoton da ta rubuta", amma Turanci yana yar da *that* idan karɓau take wakilta. Idan aikau take wakilta, kamar a *the report that arrived*, dole ta tsaya.